Tandar Ƙarfe a Kumasi

A Malanbil, bakin iyakar Benin, aka raba ni da masabar mahaifina, kwana biyu kacal da barina Tsamaye. Mun ƙetare gadar Gaya da hantsi, sai wani mutum mai farar riga da carbi ya tare ni da Hausa mai daɗi. Ya ce masu tsaron shingen gaba ba sa barin kayan ƙarfe su wuce a hannun baƙo, amma shi yana da hanya. In ba shi buhuna, in wuce hannu rabbana, mu haɗu a gindin wani mangwaro. Na wuce, na sami mangwaron, na zauna a gindinsa har la'asar. A buhun nan akwai masaba da guduma biyu da magagari. Awartaki kaɗai ya tsira, don shi na soke a ƙugu ina kama butar shayi da shi a hanya.

Sunana Ummaru, maƙeri ne ni ɗan maƙeri. Shekara talatin ina ƙera galma da fartanya da lauje ga manoman Tsamaye da Kurawa. Da gonakin nesa suka gagari shiga saboda mutanen daji, sai galma ta rasa mai saye. Wanda bai je gona ba, me zai yi da lauje? Lawali, wani ɗan garin Isa da muka yi ƙuruciya tare a kasuwar Sabon Birni, shi ya aiko mini in zo Kumasi, akwai gidan da ake narkar da ƙarfe ya koma ruwa. Gaskiya ba yunwa kaɗai ta tashe ni ba. Tun muna yara kakana yake ba mu labarin yadda ake dafa tama a wajen Alkalawa, amma ko shi bai taɓa cewa ƙarfe yana gudu kamar kunu ba. Ina so in gani da idona.

A Jugu motarmu ta mutu, muka yi kwana uku a tasha. Guzurina ya ƙare tun ranar farko. Wata Bayarabiya mai sayar da dafaffiyar doya ta dube ni, ta dubi zanen da ke kumatuna, sai ta tafa hannu.

"Kai, Bagobiri! Bawana ne ya ɓato har nan?"

Na ce, "Iya, ai bawa shi ke tallan doya. Ubangida ga shi zaune."

Ta yi dariya har ta dafe ciki. Ta zuba mini doya da manja da yaji, ta ce ita ba ta sayar wa bawanta abinci. Kwana ukun nan ita ta riƙe ni. Ni kuma na ɗaure mata hannun tukunyarta da ya karye, da awartakina da wani guntun waya. Wasan Gobirawa da Yarbawa na san shi a gida, ban san yana da ƙafar da za ta kai shi Jugu ba.

Daga nan ƙasa ta fara sauyawa. Gero ya ɓace, dawa ta ɓace, sai itatuwan da in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensu hularka ta faɗi. Cikin ruwan sama na shiga Kumasi, Lawali ya tarbe ni a tasha, ya dubi hannuna ya ce, "Ina kayan aikin?" Na nuna masa awartaki. Ya ce, "To, madalla. Ko ba komi ka iso da abin cire ƙaya."

Mai gidan zubin wani dattijon Asante ne, gajere mai faɗin ƙirji, kowa na kiransa Agya, wato Baba. Yana jin Hausar Zango, unguwar Hausawan Kumasi, sarai. Ya dubi tafin hannuna, ya ga kanta, ya ce wa Lawali, "Kai ka kawo shi, kai ne wuyansa." Ni kuma tun daga ranar ya sa mini suna Abochi, yadda suke kiran Bahaushe a can.

Tanderun nasu na ƙarfe ne, tsaye kamar rumbu, tsawonsa ya kai mutum uku. Ta sama ake zuba fasassun injunan mota da wani baƙin gawayi mai tauri kamar dutse. Ta ƙasa inji ke hura iska, aikin da zuga-zugai ɗari ba za su yi ba. Ranar da aka fara huda bakinsa a gabana, ƙarfe ya fito yana gudu, fari-fari ja-ja, ya cika wani ƙaton ludayi mai dogon hannu. Na tsaya baki buɗe ina tasbihi. Lawali ya zungure ni ya ce, "Ruhe baki, maƙeri, kada tartsatsi shi shiga."

Farantan injin niƙa suke zubawa. Ƙarfen da ya rage a ludayi kuma ba a barinsa ya daskare a ciki, sai a juye shi a wasu mazubai na ƙarfe, masu kamar ƙaramin komin shayar da awaki, kowanne tsawon kamu ɗaya. In ya huce sai ya fito curi guda, a tara, ƙananan masu zubi su zo su saya. Waɗannan curin su suke kira 'ya'yan alade. Na tambayi dalili, aka ce a zamanin da cikin rairayi ake zuba su, jere a gefen babbar hanyar ƙarfen, kamar 'ya'ya na shan nono. Na ce ni dai curi za ni riƙa ce masu, ba za ni yini ina ɗaukar alade ba sannan in je in yi alwala.

Aikina shi ne in fitar da curi daga mazubai, in share su, in jera su kafin a sake zubi. Aiki ne mai cin kafaɗa, don curin maƙalewa yake yi, sai an kife mazubin an yi ta dukan bayansa da guduma. Cikin mako biyu na lura da wani abu. Bayan rumfar da muke aiki akwai tulin matattun mazubai, kuma duk wanda na ɗaga, tsagarsa daga wuri ɗaya ta faro, daga kusurwar ciki, inda gindi ya haɗu da gefe. Na tambayi Lawali. Ya ce, "Haka Allah Ya yi su. Wata guda, in sun yi rai wata biyu, su mutu, a zuba wasu." Na tambayi Agya, ya ce, "Abochi, shara na ɗauke ka, ba tambaya ba." Sai na koma in an tashi cin abincin rana in je in zauna a gaban tulin, ina bin tsagar da farce.

Kewar gida kuwa ta ciki ta fi kama ni. Makonni ban ga furar gero ba. Ran Juma'a kaɗai nake jin ni mutum ne, don bayan masallaci nakan bi ta wurin Inna Tabawa mai masa a Zango. Kakanta Bagobiri ne, fataucin goro ya kawo shi bai koma ba. Ita ba ta taɓa ganin Gobir ba, amma kullum sai ta tambaye ni ko gaskiya ne gulbinmu yana ƙafewa da rani har a taka shi da ƙafa, ta ƙara mini masa biyu a kan labarin.

A mako na bakwai na yi ɓarnar. Ranar aiki ya yi yawa, zubi biyu za a yi, mazubai ba su huce ba, Agya na ta faɗa a yi sauri. A maƙerarmu, in ƙarfe ya yi zafi kana son kama shi, ruwa kake tsoma shi. Hannuna ya san wannan tun kafin in iya sallah. Ban yi tunanin komai ba, na ɗauko bokiti na kwara wa guda uku. Na ji ƙas, ƙas, wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. Tururi ya tashi, suka bushe a idona, na jera su. Ban gaya wa kowa ba, don ban san akwai abin faɗa ba.

Lawali ne ke riƙe da ludayi. Ya cika na farko lafiya. Yana karkata ludayin kan na biyu sai muka ji kamar an harba bindiga. Ruwan da ya ɓuya a cikin tsaga ya watso ƙarfen sama, wani ɗigo ya faɗa cikin takalminsa na hagu. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Kafin a fizge takalmin, bayan ƙafar ya riga ya tafi.

Da aka ɗauke shi zuwa asibiti, Agya ya tsaya a tsakiyar rumfa ya ce, "Wa ya kawo ruwa nan?"

Na ce, "Ni ne."

Ya kama hannuna ya kai ni gaban bango, ya nuna mini wani jan rubutu da nake wucewa kullum. Ashe gargaɗi ne kada a kusanto da ruwa. A lokacin ban san ko harafi ɗaya na boko ba, na ɗauka sunan gidan ne.

Ya ce ni da wanda ya kawo ni duk mu tafi. Lawali shekara tara ke nan yana gidan, da mata da 'ya'ya huɗu a Zango. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba sai mahaifina. Na ce ni a kore ni, shi a bar shi. Agya ya ce, "Ka kashe uku, ka haifi uku. In sun yi wata guda suna aiki ba tsaga, ɗan'uwanka ya dawo kan ludayinsa. In ko ɗaya ya tsage, ku kama hanya tare." Ni da shi duk mun san mazuban gidan da yawa ba sa kai wata.

Na je duba Lawali, ƙafa naɗe da farin ƙyalle. Ya ce, "Maƙerin Tsamaye, ka zo ka tsoma ni ruwa ni ma?"

Na ce, "Mi za ni ce maka, Lawali?"

"Kada ka ce komi. Ka dai yi abin da za ya hana ɗiyana kwana da yunwa."

Juma'ar da ta biyo na zauna a gaban Inna Tabawa, masa a hannu na kasa ci. Ina dai kallon hannunta. Ta ɗora tanda, ta bar ta ta yi ɗumi, ta shafe ramukan da tsumman mai, sannan ta zuba ƙullu. In masa ta yi, da bakin cokali kawai take taɓa ta sai ta juyo. Wani mai saye ya wanke hannu ya yarfe kusa da murhu, ta daka masa tsawa: "Kai! Tanda mai zafi ba ta shan ruwa!"

Na ajiye masar. Na ce, "Inna, tandar nan shekararta nawa?"

"Ta girmi autata, ita kuwa har ta yaye ɗa."

"Kullum wuta, ba ta tsage ba?"

"Don me za ta tsage? Ba na zuba mata ƙullu da sanyinta, ba na wanke ta da zafinta."

"To, me ya sa raminta ba ya da kusurwa?"

Ta dube ni kamar na zare. "Kai ka taɓa ganin masa mai kusurwa? Ai nan ƙullu zai maƙale. Ci abincinka, Bagobiri, ka dame ni."

Na roƙe ta, ta miƙo mini wata tandar da ba ta kan wuta. Na juya ta, na shafa bayanta, na auna kaurinta da yatsa biyu. Ko'ina ɗaya. Sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai. Maginiya ce, matan gidan maƙera a wurinmu su ke ginin tukwane. Ina yaro nakan ga tana soka tsinke a jikin ɗanyar tukunya, nan da can, tana auna kauri, sannan ta toshe hujin da yatsa. In an gasa kuwa ba ta yarda a taɓa, sai tukwane sun huce da kansu a cikin toka. Shekara arba'in wannan abu yana cikin kaina, ban taɓa zaton ya shafi ƙarfe ba.

Washegari na ɗauko samfurin itacen da ake dannawa a rairayi in za a zuba sabon mazubi. Gindinsa kaurin yatsa huɗu, gefensa yatsa ɗaya, kusurwoyinsa kamar na akwati. Kowane maƙeri ya san ƙarfe yana miƙewa in ya ji wuta. To in siririn gefe ya riga ya yi zafi ya miƙe, gindi mai kauri yana nan bai farka ba, ai jan juna za su yi. Ina kuma za su yage in ba a mahaɗa ba?

Na roƙi Agya ya bar ni in goge kusurwoyin itacen. Ya karɓe shi daga hannuna ya ce, "Wannan maigidana ya sassaƙa shi tun ba ka yi gemu ba. Kada ka ƙara taɓa shi."

Sai na koma ga sana'ar uwata. Na samo yumɓu a bakin wani rafi, na kwaɓa shi da buntun shinkafa, tun da babu ƙaiƙayin gero a ƙasar. Na gina samfurina, gindi a kewaye kamar ramin tanda, ina soka tsinke ina aunawa. Na farko ya tsage, don na yi gaggawa na kai shi kusa da tanderu ya bushe. Na biyu na bar shi a inuwa kwana biyar. Ma'aikata suna wucewa suna cewa Abochi zai buɗe rumfar masa. Wata rana Agya ya tsaya a kaina, ya sa babban yatsa ya tura gefen ɗanyen yumɓun waje kaɗan. Ya ce, "Baki ya fi gindi faɗi, in ba haka ba ba ya fita daga rairayi." Ya wuce abinsa.

Aka zuba guda uku. A al'adar gidan, da ƙarfe ya daskare ake tono shi tun yana ja, don a sami fili. Ni na hana. Kwana biyu ina gadin tulin rairayin nan, duk wanda ya zo da shebur in ba shi haƙuri. Da na tono su na ƙwanƙwasa kowanne da awartaki, suka amsa da ƙara mai tsawo, irin ta lafiyayyar tukunya.

Ranar gwaji na zuba masu garwashi suka yi ɗumi. Mai ba ya tsayawa a gaban ruwan ƙarfe, don haka na ƙona tsumma mai baƙin mai, na kifa su a kan hayaƙin har cikinsu ya yi baƙi ƙirin. Aka zuba. Da ya huce na kama gefen na farko da awartakina na kife. Curin ya faɗo da kansa, tim, ba guduma. Agya ya ce, "Kwana ɗaya ba wata ba ne."

Haka na shiga watan. Kullum in riga kowa zuwa, in ɗumama su, in turara su, in bi cikinsu da farce. Bokitin ruwa kuwa ko na alwala can bakin ƙofa nake barinsa. Ranar ashirin da uku farcena ya tsaya a kan wani siririn layi a gindin ɗaya. Da na ƙara masa hayaƙi ba mai gani, saura mako ɗaya kawai. Amma na tuna wancan ƙas ɗin da na ji na yi shiru, da ƙafar da ta biya. Na ɗauke shi na kai wa Agya.

Ya kankare wurin da wuƙa, ya shafa alli a bayan mazubin, ya zuba kananzir a ciki. Ya ce in tsaga ce, kananzir zai ratsa ya jiƙa allin. Muka zauna ni da shi muna kallon farin alli, har aka kira azahar. Bai jiƙe ba. Shatin rairayi ne kawai tun daga zubi. Ya zubar da kananzir ɗin ya ce, "Da ka ɓoye, da na kore ka ko da ba tsaga ba ce."

Ran da wata ya cika Lawali ya shigo yana ɗingishi, sabon takalmi a ƙafa. Agya dai ya nuna masa ludayi da haɓa. Ya ɗauka, ya dube ni ya ce, "Ka sha ruwanka tun gida, ko?" Na ce na sha. Ya cika ukun a jere.

Da aka tashi, Agya ya kira ni. Ya ajiye samfurin itacen maigidansa a gabana, ya ɗora magagari a kai. Ya ce, "Kusurwoyin. A hankali."

Shekara biyu na ƙara a gidan kafin in dawo. Yanzu a Sabon Birni nake da 'yar maƙera, da yamma kuma ina zuwa ajin manya, inda na koyi rubutun da nake yi yanzu. Bara da kaka Lawali ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Ummaru, albishirinka ko ta'aziyya, ban sani ba. Guda cikin tandunanka, mazuban nan uku, ta mutu jiya."

Na ce, "Allah Shi jiƙan rai. Ta ina ta tsage?"

"Kai wane irin mutum ne? Ta tsage dai!"

Na ce, "A'a, Lawali. Tashi ka tai bayan rumfa ka ɗago ta. Ka bi tsagar da farce har inda ta faro. Ina nan riƙe da waya."